Na Ba Talabijin Aron Kakana

Kakana na wajen uwa wankin hula yake yi. A zauren gidanmu na Zaitawa yake aikinsa tun kafin a haifi mahaifiyata, kuma ban taɓa ganin ya rubuta sunan kowa a jikin hula ba. Mutum zai yi sallama, ya ajiye hulunansa uku ko huɗu a kan tabarma, su gaisa, ya kama gabansa. Ranar Alhamis da yamma, lokacin da kowa ke son tasa saboda Juma'a, za ka ga huluna a kife a kan gumagumai tun daga bakin ƙofa har cikin soro na biyu, wasu ma aikinsu iri ɗaya sak. Amma da mai hula ya yi sallama, tsohon zai miƙa hannu ya ɗauko masa tasa, ko ɗaga kai ba ya yi.

Na taɓa tambayarsa yadda yake ganewa. Ya ce kowane kai da inda yake gumi, kowane hannu da inda yake kama hula in zai cire ta. Wani goshi ne ke cin tasa, wani ƙeya, wani kuma turare yake ɗura mata har ta sauya launi. Ya ce ni da nake ganin zare kawai, ni ce ke buƙatar biro.

Ni ce jikarsa mace ta fari, saboda haka ni ce uwargidansa. Wasan jika da kaka babu gidan da ba a yi, amma namu ya fi na kowa zafi, don ni bakina ba ya da linzami, shi ma kuma ba daga baya ba. In na dawo daga makaranta, tun daga lungu nake fara masa.

"Maigida, yau ma babu cefane? Wallahi na kusa komawa gidanmu."

"Ki koma mana. Matar da kokonta ko sitacin hula ba ya kaiwa, wa zai je bikonta?"

"Zan auri mai haƙora."

"Ai gara mai haƙoran, shi ne zai iya da tuwonki."

Masu karɓar hula su yi ta dariya, ni kuma in shige ciki ina shirya ta gobe. Tsokanar da na fi so ita ce in ce masa ya tsufa, ya fara rikita hulunan mutane, jiya na ga ya ba liman ta mahauci. Daɗin maganar shi ne ƙarya ce, na sani, ya sani, duk wanda ke zaune a zauren ya sani. Sai ya yi gyaran murya sau biyu, kamar yadda yake yi kafin duk wata magana mai nauyi, ya ce ranar da ya rikita hula ranar zai sake ni, don ya tabbata zama da ni ne ya taɓa masa kai. Bai taɓa barina na tafi da ta ƙarshe ba.

Bayan na gama difloma na sami aiki a wani kamfani da ke shirya wa gidan talabijin wasanni. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan shirin ba, wanda ya gani ya sani. Aikina na farko buga rubutun wasu ne a kwamfuta. Wata rana muna cin abinci ina ba abokan aiki labarin yadda muka kwashe da kakana, daraktanmu yana gefe yana sauraro. Mutum ne mai kirki da saurin yanke shawara. Ya ce dama shirin barkwanci suke nema na minti talatin duk mako, wanda za a yi a wuri ɗaya don kada a sha wahalar yawo da kayan ɗauka. Ya ce ga zaure, ga tsoho, ga mutane suna shige da fice, me kuma ake nema? In rubuto masa kashi uku ya gani.

A ranar na tambayi kakana izini, kuma a nan na fara kuskure, don da bakin wasa na tambaye shi.

"Maigida, na samo masu sayenka. Mutanen talabijin."

"Wa zai sayi tsohon kaya? Ki dai ba su aro, in sun ga ba riba su dawo miki da abinki."

Na yi dariya, na ɗauka ya amince ke nan. Ban zauna na ce masa, ga abin da za a yi, ga yadda zai fito, ga waɗanda za su gani ba. Ban taɓa yin magana da shi ba sai cikin wasa, ban ma san ta inda ake farawa ba.

Wanda aka ba matsayin tsohon wani ɗan wasa ne mai kimanin shekara arba'in, mai natsuwa, ba irin masu tsalle-tsalle ba. Shi ya nemi ya zo ya ga kakana da idonsa. Kwana uku yana zuwa yana zama a gefen tabarma daga hantsi zuwa la'asar, duk lungu suna kallo. Ya ɗauki tafiyarsa, ya ɗauki tabaransa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ya ɗauki yadda yake guntsar ruwa ya fesa wa hula kafin ya ɗora mata dutsen guga. Ya ɗauki gyaran muryar nan sau biyu, da abin da yake faɗa duk lokacin da aka kawo masa aiki: "Bari mu ga hular." Ni kuma ban bar kowa a duhu ba. Daga Zaitawa har Gwale babu gidan biki ko na suna da ban faɗa ba cewa kakana ne za a sa a talabijin, kuma ni na rubuta.

Zangon farko, har yau in na tuna shi, ina jin daɗi. Tsohon da ke cikin shirin ba shi ne abin dariya ba. Shi ne mai hankalin wurin. Mutane ne ke shigowa da shirmensu, shi kuma yana zaune yana aikinsa, sai ya jefa magana ɗaya ta wadatar. Akwai kashin da wani saurayi ya zo yana cika baki cewa shi ɗan kasuwa ne, yana shirin zuwa gidan surukai. Tsohon ya juya hularsa ya ga gumi a wuri biyu, ya gane ta aro ce. Bai tona shi ba. Cewa kawai ya yi, in ya mayar wa mai ita, ya gaya masa bakinta ya fara sakin zare. Akwai kuma na wasu 'yan'uwa biyu da suka yi shekara ba sa magana, tsohon ya ce wa kowannensu ya zo karɓar hula bayan la'asar, sannan ya ce dutsen guga ya huce, sai an hura gawayi. Suka zauna a tabarma ɗaya suna kallon bango, har ɗayan ya gaji ya tambayi ɗan'uwansa jikin mahaifiyarsu. Dukansu abubuwa ne da na gani da idona a zaurenmu, gishiri kawai na ƙara.

Ranar Lahadi da la'asar ake maimaita shirin, lokacin kakana yake shigowa ɗakin yayar mahaifiyata da muke kira gwaggo, 'yarsa ta fari da ke riƙe da gidan tun rasuwar kakarmu, ya zauna a bakin gado yana kallo yana taɓe baki.

"Wannan bai iya riƙe dutsen guga ba, zai ƙona wa mutane kaya. Uwargida, ashe haka kike kallona? Ai na fi shi kyau."

Amma daɗi yake ji, kowa ya gani. Aiki ya ƙaru. Har daga wajen Ƙofar Dawanau wasu ke kawo hula, su wuce masu wanki goma a hanya don kawai su gaisa da shi. Yana mita cewa na tara masa jama'a, amma sai ga shi ya fara saka rigarsa ta Juma'a ranar Talata. Ni kuwa kaina ya kumbura, an ɗauke ni daga bugun kwamfuta an ba ni tebur.

A zango na biyu ne aka yi faɗuwar. Ba ta cikin rubutu. Ruwan sitaci ne ya zube a wurin ɗauka, ɗan wasan ya taka, ƙafarsa ta zame, ya zauna daɓas, huluna suka zubo masa a ka. Ya miƙe yana salati, bai fita daga muryar tsohon ba. Duk muka fashe da dariya, darakta ya ce a bar shi haka. Da aka nuna, wani ya yanko wurin ya sa a waya, kafin mako ya zagayo babu wanda bai gani ba. Masu talla suka fara nemanmu. A taron da muka yi bayan nan darakta ya ce, mun ga dai abin da mutane ke so.

Daga nan kowane kashi sai an nemo wa tsohon dalilin faɗuwa. In babu sitaci akwai ɓawon ayaba, in babu shi akwai akuya. Mutumin da ke faɗuwa duk mako kuwa ba ya yiwuwa ya ci gaba da zama mai hankalin wuri, don haka a hankali maganganunsa masu ma'ana suka koma bakin wasu. A zango na uku aka ƙaro marubuta biyu, aka ce ni ce shugabarsu. Ɗayansu ya kawo shawarar a mayar da tsohon mai nauyin kunne, a ce masa ruwa ya ce rawa. Ɗayan ya mayar da shi makwaɗaici, mai ɓoye waina a cikin hular mutane. Daga baya aka sa masa tsoron kyanwa. Gyaran muryar nan da a da in ya yi kowa ke yin tsit, ya koma alamar cewa shirme na tafe. Duk wannan ta gabana yake wucewa, ni ke sa hannu.

Ba zan ce ban ji komai ba. Na ji. Amma labaran zaurenmu na gaskiya sun ƙare mini, kuma kashi ɗaya na irin na da sai in yi mako ina fama, na faɗuwa kuwa kafin azahar na gama. Kuma ana yabona. Wannan ita ce gaskiyar, ba ni da wata.

Wanda ya fara yi mini magana ɗan wasan ne. Ya same ni a ofis riƙe da takardunsa, ya tsaya bai zauna ba.

"Malama, wannan fa ba tsohon da na zauna da shi ba ne. Kin tabbata ba ya jin ciwo?"

Raina ya ɓaci, don ba na son a nuna mini abin da na riga na sani. Na ce masa kakana ne, wasa ne tsakaninmu tun ina goye, abin da nake gaya masa a gida ya fi wannan sau goma, kuma ba a shiga tsakanin jika da kaka. Ya ce to, Allah ya ba da haƙuri, ya fita. Kamar don in nuna masa iyakarsa, a makon na zauna na rubuta kashin da tsohon ya rikita huluna. Tsohuwar tsokanata ce na ɗauko ta gaba ɗaya: ya ba liman ta mahauci, ya ba ango wata yagaggiya, ya ba mai unguwa ta yaro ta tsaya masa a tsakar ka. Ina rubutawa ina dariya, ina hango yadda zai rama in ya gani. Babu kashin da ya kai shi karɓuwa a duk shirin.

Abin da ban lissafa ba shi ne, ni kaɗai ce jikarsa a cikin masu kallon. Sauran duk ba su da wasa da shi. Amma na buɗe musu ƙofa, suka shigo. Magidanci mai shekara arba'in, wanda a da sai ya durƙusa yake gaishe shi, sai ya miƙo hula yana murmushi ya ce, Baba, a dai duba kar a ba ni ta liman. Masu wucewa a kan babur su yi gyaran murya sau biyu a ƙofar zaure su ƙara mai. A majalisar bakin masallaci in ya buɗe baki zai yi magana, sai ka ga matasa suna sunkuyar da kai suna danne dariya tun bai ce komai ba. In ni ce, ya san abin da zai ce, ya kuma san zan dawo gobe mu ɗora. Waɗannan fa? In ya rama, ya mayar da ɗan cikinsa abokin wasa. In ya yi fushi, a ce tsoho bai san raha ba, ga shi jikarsa ce ma ta rubuta. Sai ya ƙyale su. Ni a lokacin na yi aure na koma bayan gari, sai in yi mako uku ban leƙo ba, don haka ban ga yadda abin ya taru ba.

Wata Alhamis na zo da yamma, na tarar da wani ɗan kasuwa a tsugune a zaure. Na san shi, mahaifinsa ya fi shekara talatin yana kawo wa kakana wanki kafin ya rasu. Ya baje huluna huɗu a gabansa, ya ciro biro daga aljihu, yana bin cikinsu ɗaya bayan ɗaya yana rubuta sunansa, yana dariya yana cewa gara a yi rigakafi. Kakana yana zaune yana kallonsa har ya gama. Sannan ya ɗauki hulunan ya jujjuya, ya ware ɗaya.

"Wannan ba taka ba ce. Ta mahaifinka ce, Allah ya jiƙansa. Da ka bar ta ba rubutu."

Mutumin ya daina dariya. Ya yi 'yan kame-kame, ya yi sallama ya fita. Zauren ya yi nauyi, ni kuma wasa ne kaɗai abin da na iya, sai na ɗauko shi.

"Maigida, yau an yi maka rajista ke nan? Na gaya maka tsufa ya zo."

Bai yi gyaran murya ba. Ya ɗago ya dube ni, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, ya ce, "Sannu da zuwa, Malama. Ya maigidan naki? Ki shiga, suna ciki."

Tunda nake bai taɓa ce mini Malama ba. Na tsaya ina jiran ragowar, ina zaton wata sabuwar tsokana ce. Ya mayar da kansa kan aikinsa.

Da ina da hankali da a nan na durƙusa. Sai na shiga ciki ina huci, na ce wa gwaggo tsohon nan ya fara rigima, abin wasa ya ɗauka da zafi. Gwaggo tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba. Ta ce duk abin da na taɓa gaya masa a gidan nan, a gabansa na faɗa, ya kuma ba ni amsa. Ta ce in gaya mata, wannan da na faɗa a talabijin, ta ina zai ba ni amsa? Ta ce rabon da ya shigo kallon Lahadi tun kafin azumi, in da ina zuwa da na sani. Na ce ai shi ya ba ni izini. Ta ce, "Izinin wasa ya ba ki, ke kaɗai. Bai ba Kano ba."

Ban daina nan take ba, wannan ma dole in faɗa. Na ƙara zango guda cur ina gaya wa kaina cewa daga ciki zan gyara. Na rubuta kashi ɗaya irin na farko, wanda tsohon ya gane hular wani mamaci a cikin kayan ɗansa. Darakta ya karanta ya ce yana da kyau, amma ina dariyar? Aka ɗauka, aka ƙara masa faɗuwa a ƙarshe. Ko da hakan babu wanda ya yanko shi ya sa a waya. Masu kallo sun riga sun san tsohonsu, kuma ba wannan ba ne. Na ajiye aikin. Na roƙa a cire tsohon daga shirin, a ce ya yi tafiya ko ya rasu. Darakta ya ba ni haƙuri cikin mutunci, ya ce shi ne shirin, in an cire shi me ya rage? Suka ƙara zango biyu ba ni. Kashin ƙarshe da na gani, an tsoma shi cikin baho na sitaci, ƙafafunsa a sama. Ɗan wasan ma daga baya ya gaya mini ko wajen jana'iza ya je sai an ce ya yi gyaran murya.

Na je na ba kakana haƙuri. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na yi masa magana ba wasa a ciki, kuma kalmomin sun yi mini wuya a baki kamar na baƙon harshe. Na durƙusa a gabansa na ce na yi kuskure, ya yafe mini. Ya saurare ni har na gama, ina kuka.

"Na yafe miki duniya da lahira. Ai na san ba da mugunta kika yi ba. Tashi, Allah ya yi miki albarka."

Na so ya zage ni. Na so ya ce kukana ma ba shi da daɗin ji, ko ya ce ya sake ni saki uku. Na zauna ina jira. Ya tambaye ni lafiyar yara, ya ce in gaida mahaifinsu.

Ya yafe ɗin da gaske, ban taɓa shakka ba. In na zo yana tambayar kowa nawa, in ba ni da lafiya yana aiko da addu'a. Amma Malama na zama har ƙarshe. Ya janye aikinsa daga bakin ƙofa ya koma soron ciki, inda mai wucewa ba ya hango shi. Ya daina karɓar wankin kowa sai na tsofaffin abokansa. In an kawo hula sai ya miƙa hannu kawai, ya daina cewa a bari ya gani. Ya daina gyaran murya, sai ya zama in zai yi magana yana farawa ne a ƙasa-ƙasa kamar mai neman izini. Ya daina zaman majalisa, daga masallaci sai gida. Jikokin da aka haifa bayan nan, 'ya'yan kawunnaina da ƙannen mahaifiyata, sun taso sun ga wani tsoho mai shiru a soro, wanda ake ce musu shi ne na talabijin. Har a waya iyayensu ke nuna musu.

Na yi ta gwadawa. Duk zuwa sai na jefa masa 'yar magana, ko ta cefane ko ta haƙora. Sai ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo, ya ce Allah ya shirya. Daga baya na daina, don na lura kamar ƙara masa nauyi nake yi. Shekara shida muka yi a haka.

Ya rasu da damina, bayan jinyar kwana tara. Ya tsufa ƙwarai, ya ga 'ya'yan jikoki, don haka ranar sadakar bakwai gwaggo ta ce sai an yi masa wasan jikoki. Al'ada ce da ta fara ɓacewa, maza ma a waje ba sa so, amma a cikin gida mata na yi in mamacin ya cika kwanakinsa: jikoki su saka kayansa, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, su yi ta tsokanar 'ya'yansa har sai an ba su gumba da ɗan abin hannu sun ƙyale su. Ana dariya ana hawaye, a ga mutum sau ɗaya kafin a raba kayansa.

Tsakar gida cike da mata, aka fito da babbar rigarsa da hularsa da tabaran. Wani jikan mai shekara goma sha biyu ya zura rigar tana jan ƙasa, ya ɗora tabaran a karan hanci. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce a bari ya ga hular. Sai ya kama kunne yana cewa me aka ce, me aka ce. Ya ciro waina daga cikin hular ya cusa a baki. Wata ta yi kukan kyanwa, ya zabura, ya taka gefen rigar ya zube ƙasa, ƙafafu a sama. Sauran yaran suka bi shi, kowa na karɓar rigar yana faɗuwa, suna cire ɗankwalayen iyayensu suna ba wannan na waccan. Mata suna ta dariya suna share ido, wata baƙuwa daga cikin masu gaisuwa tana cewa wallahi kamar shi, kamar shi.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta juyo wajena.

"Ke ce babbar jika, ke kika san shi. Tashi ki nuna musu yadda yake."

Na tashi. Aka zura mini rigar, tana ƙanshin sitaci da hayaƙin gawayi. Aka sa mini tabaran. Na zauna a kan tabarma yadda yake zama, na ɗauki hular na juya cikinta. Na san abin da nake so in yi: in nuna musu mutumin da ke miƙa hannu bai duba ba, wanda in ya yi magana ɗaya sai a kwana ana maimaita ta. Na buɗe baki, sai na ji muryar ɗan wasan ce ke shirin fitowa. Na rufe. Na sake nema, na nemi yadda shi kansa yake faɗar ko da kalma ɗaya, kafin talabijin, sai na rasa wanne ne nasa wanne ne wanda muka ƙara. Shekarun da na yi ina rubuta wancan sun fi yawa a kunnena. Ina zaune da hula a hannu, tsakar gida ta yi tsit ana jirana, hawaye na zuba a kan rigar.

Wata 'yar ƙaramar jika, ba ta fi shekara biyar ba, ta matso ta ja hannun rigar a hankali, ta raɗa mini don ta taimake ni.

"Anti, faɗuwa za ki yi."